Matacciyar Fitila da Takardar Buba Direba

Duk wanda ya zo koyon gwajin ƙwaƙwalwa, wanda a asibiti ake kira EEG, fitilar nan mai ƙyaftawa ce take fara ɗaukar hankalinsa. Sai in ga kun kewaye ta kuna dariya, wannan ya ce irin ta gidan biki ce, wancan ya ce wannan aiki ai ko sati ba zai yi ba ya iya: a kifa wa mutum hula, a danna kwamfuta, a kunna fitila, a kashe, a tashi. Ba zan yi musu da ku ba. Ni ma na taɓa raina fitilar nan, sai dai ba ni na ɗanɗana kuɗar rainin ba. Wani direba ne mai suna Buba ya rasa aikinsa da mutuncinsa a kanta. Na daɗe ban iya ba da labarin ba saboda kunya, yanzu ma da kunyar zan ba da shi.

A Jos na koyi aikin, a hannun wani dattijo, Mista Yohanna. Wata uku na farko ko inji bai bar ni na taɓa ba, awon kai kawai nake yi. Tef irin na tela, ka auna daga gindin hanci zuwa ƙashin ƙeya, daga kunne zuwa kunne, ka rarraba, ka ɗiga jan fensir a inda kowane maɓalli zai zauna. Maɓallan na azurfa ne, ba su fi na riga girma ba, kowanne da wayarsa. Ka goge fatar kai da auduga da sifirit, ka cika maɓallin da man liƙi, ka danna. In na gama sai ya zo ya duba, ya ga ɗaya ya goce da faɗin yatsa, ya ce, "Haruna, kai wanzami ne? Cire duka." Duka fa yake nufi, ba ɗayan ba. Na tsani mutumin nan a lokacin, ina ganin mugunta ce kawai.

Injinmu na wancan zamani ya kai firiza girma. Alƙaluma takwas ne a jere, kowanne da 'yar kwalbar tawadarsa, takarda mai ninki tana gudu a ƙarƙashinsu. Kullum da safe sai ka zuba tawada, ka tsokane bakin alƙaluman da siririyar waya, domin in ɗaya ya toshe ana tsakiyar aiki ka yi asarar wani ɓangare na kan mutum ke nan. Abin da suke rubutawa wutar ƙwaƙwalwa ce. Kowa yana da ita, 'yar ƙanƙanuwa ce, ba za ta kunna ko ƙwan tocila ba, inji ne yake ƙara mata ƙarfi har ta iya motsa alƙalami. Mu ba wuta muke sa wa mutum ba, tasa muke saurare. Ranar da na fara ganin mai lafiya ya rufe ido, alƙaluman ƙeya suka shiga zana igiya mai kyau wajen goma a daƙiƙa, ya buɗe ido ta ɓace, sai da na ce a sake. Mista Yohanna ya ce takarda ba ta ubana ba ce.

Fitila ita ake yi a ƙarshe, mu a bakin aiki fotik muke ce mata. Ana ajiye ta gaban fuska kamar tsawon rula ɗaya, a rage hasken ɗaki. A fara da ƙyaftawa ɗaya a daƙiƙa, a huta, a koma uku, a huta, shida, goma, sha biyar, ashirin, har sama, ido buɗe da ido rufe. Ƙeya ce take karɓar gani, saboda haka a wurin mutane da yawa za ka ga alƙaluman ƙeya sun kama bin fitilar, ta ƙyafta goma su ma su buga goma, kamar mai daka da ke bin luguden 'yar'uwarta. Wasu kuma lafiyarsu ƙalau amma ba sa bi ko kaɗan, wannan ba ciwo ba ne. Akwai alƙalami na tara a can ƙasa, shi ba ruwansa da kan mutum, ɗigo kawai yake yi duk lokacin da fitila ta ƙyafta, don likita ya san inda aka kunna ta. Amma akwai wasu 'yan kaɗan da haske mai ƙyaftawa yake tayar wa farfaɗiya. Su za ka gwada komai ka ga takarda fes, sai fitila ta kai wajen sha biyar ko ashirin, alƙaluman nan takwas su zabura gaba ɗaya suna tsini da tudu. Mista Yohanna yana cewa, "Hannunka ya zauna a kan makashi. Da ka gani, kashe. Ba kallo ka zo ba."

Da aka ba mu jiha a casa'in da ɗaya, garinmu Jalingo ya cika da ma'aikata, wani likita ɗan ƙasar nan ya buɗe ƙaramin asibitinsa ta wajen unguwar Majidaɗi. Wani abokinsa na ƙasar waje ya aiko masa da tsohon inji, ya nemi wanda ya iya, aka ce ga ɗan Jalingo a Jos. Haka na dawo gida. Dokta mutumin kirki ne amma akwai zafin rai, kuma shi yake karanta takardun da rana bayan ya gama ganin marasa lafiya. A duk garin ni kaɗai ne mai wannan aiki, kaina kuwa ya kumbura yadda ya kamata. In ana hira a majalisa har cewa nake ni ƙwaƙwalwa nake karantawa.

Wata mata da aka kawo daga wata ruga ta bayan Sunkani ita ta fara sauke min girman kai. Kanta ya sha man shanu, kitso ƙanana, duk maɓallin da na liƙa sai ya sulɓe. Na ce a tsefe a wanke, mijin ya ce ba a gabana ba, kuma wa ya san abin da wayoyin nan za su zuƙe mata. Sai da na liƙa wa kaina biyu, na rufe ido na buɗe yana kallon alƙaluma, sannan ya yarda. Wani akawu kuma ja na ya yi gefe ya tambaye ni ko injin yana nuna abin da mutum yake tunani, domin in haka ne shi ya fasa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ko matarsa ba za ta ji ba.

Wata malamar firamare ita ce ta farko da fitila ta kama a hannuna. Sau biyu tana faɗuwa a gaban talabijin idan hoto yana rawa, dangi har sun fara kai ta wurin masu turare. Na gwada ta kwance, takarda fes. Na sa ta numfashi da ƙarfi na minti uku, fes. Na kunna fitila, muna kaiwa sha biyar alƙaluma suka haukace har tawada ta fantsamo min a riga, na kashe tun kafin ta san an yi wani abu. Dokta ya sa ta a magani, ya gaya mata abin da za ta guje wa, ta ci gaba da koyarwarta. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce abin da na yi daga baya rashin sani ne. Na san amfanin fitilar nan sarai.

Casa'in da huɗu ita ce muguwar shekara. Mai ya yi wuya, ga yajin aiki, wutar gari sai ta yi kwanaki ba a gan ta ba. Janaretanmu gaurayen man bakin titi yake sha, yana tari, wuta ta yi sama ta yi ƙasa. Sitabilaizar ɗakina mai daidaita wuta aka ɗauke aka kai wa firijin allurai. Dokta ya ja min kunne da bakinsa: in an tayar da janareta kada in jona fitila sai ya yi minti goma ya daidaita. Wata safiya mutum uku suna jira a benci, ina sauri, ana tayarwa na jona. Na ji ƙas, na ji ƙauri. Ƙwan fitilar ya yi baƙi ƙirin, irinsa kuwa sai Legas, can ma sai an dace. A watan nan Dokta ya sallami wani ma'aikaci a kan madubin gwajin jini da ya fasa.

Na yi niyyar faɗa, wallahi na yi. Amma da na murɗa makunnin don in tabbatar, sai na ga alƙalami na tara yana ɗigonsa tsaf. Ashe daga akwatin fitilar yake karɓar umarni, ba daga ƙwan ba. Ɗaya, uku, shida, goma, duk ga su a takarda kamar an yi. Tunda kuwa akwai masu lafiya da ƙeyarsu ba ta bin haske, babu abin da zai sa Dokta ya yi zargi. Na ce bari in sallami mutum ukun nan, gobe in faɗa. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama wata. Na riƙa gaya wa kaina ai masu buƙatar fitila ba su da yawa. Kullum in ajiye matacciyar fitila gaban fuskar mutum, in ce ya rufe ido ruf kada ya buɗe, in murɗa, in rubuta a ƙasa cewa an yi fotik, in sa hannu.

Buba ya zo ne a wata na biyu da mutuwar fitilar. Dogo ne siriri, ya haura arba'in, direban wata ma'aikata. Ya miƙo min wasiƙar ofis da hannu biyu. An dakatar da shi daga tuƙi sai ya kawo takardar likita, domin ogansa ya ce sun taso da safe, ya ga Buba ya ƙura ido yana ƙifce-ƙifce, mota tana cin gefen hanya, sai da ya daka masa tsawa. Ina auna kansa yana ba ni labari.

"Malam Haruna, ni ban san komai ba. Na ji oga yana ihu kawai. Shekara sha shida ina tuƙi, ko kaza ban taka ba."

Na ce, "A ina abin ya same ka?"

"Hanyan garin Mutum Biyu. Akwai wuri da itacen malaina ya yi layi. In rana ya fito, yana shiga ido wal-wal-wal ta tsakanin itace. Wurin nan kullum kaina yana yi wani iri."

Hannuna ya tsaya a kan tef ɗin. Ko ɗan koyo na wata shida ya ji wannan ya san mutumin fitila ne ya zo. Hasken rana ta tsakanin itatuwa, mota tana gudu, ai fotik ke nan Allah ya kunna masa a kan titi. Abin da ya kamata in yi bai fi taku goma ba: in buɗe ƙofa, in shiga wurin Dokta, in ce ranka ya daɗe na ƙona fitila, ga kuma wanda ba a sallama sai da ita.

Buba ya ce, "Useko, don Allah, Malam, ka taimake ni. In takarda ya ce ina da ciwon faɗuwa, za su mai da ni masinja. Kuma ka san mutanenmu, ko kwano ba za a haɗa da ni ba."

Wannan magana na kama na riƙe. Na ce wa zuciyata ai taimakonsa ma zan yi. Ƙarya nake, kaina nake taimako. Na liƙa maɓallai, na gwada shi kwance, na sa shi numfashi, takarda fes kamar yadda na zata. Na jawo fitila gaban fuskarsa, na ce ya rufe ido, na murɗa. Alƙalami na tara yana ta ɗigo. Can ya ce, "Malam, an ce akwai wuta da za a haska. Ban ga komai ba." Na ce, "Haka ake so, kada ka motsa." Labarin itatuwan ma ban rubuta a takardar bayani ba, na sa dai an ce ya ƙura ido sau ɗaya. Da rana Dokta ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ka yi masa fotik?" Na ce ga shi nan, ranka ya daɗe. Ya rubuta cewa gwaji bai nuna komai ba. Washegari Buba ya dawo da kwaryar nono da 'yan ƙwan zabi ya ajiye min a bakin ƙofa, kuma na karɓa, na kai gida aka ci.

Bai cika wata biyu da komawa aiki ba abin ya faru, a wurin itatuwan nan, da hantsi. Ya ɗauko ma'aikata uku za su Mutum Biyu, mota ta bar titi ta daki kututture. Ba a rasa rai ba, amma wata mai buga tafireta, Madam Rifkatu, hannunta na dama ya murƙushe, ba ta ƙara buga ko harafi ɗaya ba. Ofis ya kafa kwamiti. Buba ya ce bai san abin da ya faru ba, sai suka zaro takardarmu daga fayil. Ga sa hannun likita, an gwada har da fitila, lafiyarsa lau. Tunda ba ciwo ba ne, to barci ya yi a kan sitiyari da rayukan mutane. Da ciwo aka samu, canjin aiki za a yi masa, ya ci gaba da ɗaukar albashi har ya kai fansho. Da yake sakaci aka rubuta, korar kare aka yi masa, ya fita da hularsa kawai.

Kuna tsammanin a nan na yi magana? Ban yi ba. Na yi gum, na ci gaba da ajiye matacciyar fitila gaban mutane. Sai wata rana na je tasha sa saƙo, na hango shi yana ɗora buhunan doya a kan bodin mota, wani kwandasta yana ƙwala masa kira, "Buba Barci! Kawo igiya!" Kuma ya amsa. Ya gan ni, ya ajiye buhu, ya zo ya gaishe ni har da rusunawa, yana tambayar iyali. Na rasa inda zan sa fuskata. Saƙon ma ban sa ba, na juya na nufi asibiti.

Na ɗauki fitilar na ajiye a teburin Dokta, na faɗi komai tun daga janareta har itatuwan malaina. Na shirya wa zagi, har na fi son ya zage ni. Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Haruna, sunana ne a ƙasan takardun nan. Mutum nawa?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce in je in kwaso. Na kwaso su daga kanta, tari guda har gwiwata. Bai kore ni ba, kuma ya gaya min dalili a fuskata: ba don na cancanta ba ne, don babu wani mai aikin a garin. Ya ce in sabon ƙwan fitila ya iso, ni da ƙafata zan nemo kowane ɗaya in dawo da shi a sake, kyauta, kuma ni zan gaya masa dalili da bakina. Sai da aka yi wata biyu kafin wani ɗan kasuwa ya zo da ƙwan daga Legas, naɗe cikin tsumma.

Buba na fara nemowa. Na ce masa dai Dokta yana son a sake gwaji. Ya kwanta a gadon nan, na auna kansa, na liƙa, wannan karon Dokta yana tsaye a bayana. Na kunna. Ɗaya, shiru. Uku, shida, goma, ƙeyarsa tana bin haske. Muna shiga sha biyar alƙaluma takwas suka zabura lokaci guda, fatar idonsa ta kama rawa, na kashe. Bai fi daƙiƙa uku ba. Daga baya Dokta ya sa shi a magani, ya rubuta wa ma'aikatar doguwar wasiƙa ya amsa cewa gwajin farko bai cika ba. Suka ce an rufe magana, an ma ɗauki wani direban. Ba a mayar da shi ba.

A ranar dai, da na cire masa maɓallan, Dokta ya nuna masa shafin, ya yi masa bayani, ya fita ya bar mu mu biyu. Buba ya sa yatsa yana bin tsinin tawadar a hankali.

"Wannan a kaina ya fito?"

Na ce, "A kanka. Haske mai ƙyaftawa ne yake tayar da shi. Malam Buba, akwai maganar da zan gaya maka. Wancan karon fitilar a mace take. Ni na ƙona ta, na ɓoye don kada a kore ni. Ban gwada ka ba, na rubuta na gwada."

Ya ɗago ya dube ni. "Ranan ka san ba ya aiki?"

"Na sani."

"Kuma ka san abin da ke damuna?"

"Na yi zato mai ƙarfi."

Buba ya ɗauke yatsansa daga kan shafin. Ya ɗauki hularsa ya kifa a kan man liƙin da ban gama goge masa ba.

"Malam Haruna," ya ce, "wata takwas ina roƙon Allah gafara a kan barcin da ban yi ba. Ni kaina na yarda na yi, tunda takardan asibiti ya ce lafiyata lau."

Ya nuna shafin ya ce in yago masa. Na ce ai ofis wasiƙar likita suke so, ba wannan ba. Ya ce ba ofis zai kai ba, gidan Madam Rifkatu za shi, tun ranar hatsarin bai iya taka ƙofarta ba, yana so ta gani kafin kowa. Na yago masa, ya yage a karkace. Ya ninke shi huɗu ya sa a aljihun gaba, ya fita. Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban sami bakin roƙa ba.